Amanar Yara: Makaranta, Baƙo da Yardar Iyaye

Kowace safiya idan muka yi wa yaro wanka, muka rataya masa jakar littattafai, muka raka shi bakin ƙofar makaranta, muna miƙa wa waɗansu mutane abin da ya fi kome daraja a gidanmu. Daga ƙarfe takwas har zuwa tashi ba mu jin abin da ake faɗa masa, ba mu ganin wanda ya tsaya a gabansa. Hankalinmu a kwance yake domin mun yarda da malamai. Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta ita ce: ina iyakar wannan yarda? Wata muhawara da ta ɗau zafi a Amurka da Birtaniya za ta taimake mu, ko da yake a ƙasashen nesa ta tashi.

A ƙasashen Turawa akwai wani irin wasa da suke kira dirag. Yawanci namiji ne kan yi shigar mata mai wuce gona da iri, da kwalliya mai nauyi da gashin kanti da dogayen takalma, ya hau dandamali yana waƙa da rawa da barkwanci. Wasan ya girma ne a gidajen shaƙatawa na dare, inda manya ke zuwa, kuma barkwancinsa sau da yawa na batsa ne. A shekarar 2015 wata marubuciya mai suna Michelle Tea ta ƙirƙiro wani shiri a birnin San Francisco, inda masu wannan wasa ke zuwa ɗakunan karatu na jama'a cikin shigarsu, su karanta wa ƙananan yara littattafan labari. Shirin ya bazu zuwa birane da yawa, har ya kai ga waɗansu makarantu.

A watan Fabrairu na 2020 wata makarantar firamare a garin Paisley na ƙasar Sikotlan ta gayyaci wani mai wannan wasa, tare da 'yar majalisar dokoki Mhairi Black, ya karanta wa yara labari. Bayan haka iyaye suka gano cewa shafinsa na intanet yana ɗauke da hotunan da ba su dace da idon yaro ba, waɗansu kuma suka ce ba wanda ya sanar da su zuwansa. Hukumar yankin ta ba da haƙuri, ta ce da ta san da hotunan da ba a shirya ziyarar ba. A Amurka kuwa jihohin Tennessee da Montana suka kafa dokoki a 2023 domin taƙaita irin waɗannan wasanni a gaban yara, nan da nan aka kai dokokin kotu bisa zargin sun tauye 'yancin faɗar albarkacin baki.

Kafin mu yanke hukunci, adalci ya wajabta mu saurari masu goyon bayan shirin. Suna cewa yara na son launi da raha, kuma baƙo mai ban sha'awa yakan sa yaro ya ƙaunaci karatu. Suna cewa a kowane aji akwai yaron da 'yan'uwansa ke yi wa ba'a saboda tafiyarsa ko muryarsa, kuma ganin babban mutum wanda ya bambanta da sauran jama'a, ana kuwa girmama shi, zai rage wa wannan yaro kaɗaici. Suna kuma tunatar da mu cewa namiji ya sa kayan mata a wasan kwaikwayo ba sabon abu ba ne. A zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a matsayin mata a dandamalin Ingila, har yau kuma a wasannin Kirsimeti na ƙasar namiji ne kan fito a matsayin tsohuwa mai ban dariya, iyaye da yara suna kallo tare. Mu ma waɗanda suka yi makarantar maza zalla a cikinmu za su tuna cewa idan aka shirya wasa, wani yaro ne kan ɗaura zane ya zama uwar gida, ba wanda ya ga laifi.

Akwai gaskiya a cikin waɗannan maganganu, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Yaron da ake tsangwama ɗanmu ne, kāre shi wajibi ne a kan kowane malami. Katikisma ta Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2358, ta umarce mu mu karɓi masu sha'awar jinsinsu da girmamawa da tausayi, mu guje wa nuna musu wariya ta rashin adalci. Saboda haka zagi da barazanar da aka yi wa waɗansu masu wasan da ma'aikatan ɗakunan karatu a ƙasashen nan zunubi ne, ko da wanda ya yi su yana cewa yara yake kārewa. Mutumin da ke cikin kwalliyar nan an halicce shi cikin kamannin Allah kamar kowa.

Amma girmama mutum dabam, ba shi wurin malami a gaban yara 'yan shekara shida dabam. Yaron da ya ɗaura zane a wasan makaranta kowa ya san labarin ne ya bukaci haka, in an gama ya kwance ya koma aji. Masu shirya karatun dirag kuwa da bakinsu suke cewa nufinsu shi ne su nuna wa yara cewa zama namiji ko mace abu ne mai sauyawa, wanda mutum ke iya wasa da shi. Wannan koyarwa ce game da mene ne ɗan Adam, kuma iyalai suna da saɓani mai zurfi a kanta. Mu mun gaskata cewa jikin da aka haife mu da shi, na namiji ko na mace, baiwa ce daga Mahalicci. Waɗansu ba su gaskata haka ba. Idan babba ya sayi tikiti ya shiga gidan wasa, ya zaɓa da kansa, yana kuma iya auna abin da ya gani. Yaron firamare bai zaɓi zuwa aji ba, doka ce ta kawo shi, kuma duk wanda malama ta gabatar masa yakan ɗauke shi a matsayin mai faɗin gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa tambayar wanda zai tanƙwara shi take da nauyi.

A nan ne maganar yardar iyaye ta shigo. Majalisar Vatikan ta Biyu, a sanarwarta kan ilimin Kirista ta 1965, ta koyar cewa tun da iyaye ne suka ba yara rai, su ne masu tarbiyya na farko kuma na kan gaba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa kan iyali ta 1981, ya ƙara da cewa wannan haƙƙi ba wanda zai iya ƙwace shi ko ya maye gurbinsa, kuma duk koyarwar da ta shafi jinsi, a gida ko a makaranta, dole ta kasance ƙarƙashin kulawar iyaye. Wannan ba ra'ayin Katolika kaɗai ba ne. Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 26, ta ba iyaye fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Ma'anar wannan duka ita ce ikon malami aro ne. Wanda aka ba ajiyar akuya ba ya kai ta kasuwa don ya ga kasuwar za ta amfane ta, sai ya tambayi mai ita.

Kotun ƙolin Amurka ta taɓo wannan batu ranar 27 ga Yuni, 2025, a shari'ar Mahmoud da Taylor. Shari'ar ta shafi littattafan labari ne masu ɗauke da batun auren jinsi da sauya jinsi, waɗanda hukumar ilimi ta gundumar Montgomery a jihar Maryland ta shigar cikin karatun firamare. Da farko hukumar tana sanar da iyaye, tana barin mai so ya fitar da ɗansa daga darasin. A 2023 ta janye wannan dama. Iyaye Musulmi da Katolika da Otodoks suka haɗa kai suka shigar da ƙara, alƙalai shida cikin tara suka goyi bayansu. Abin lura shi ne iyayen ba su nemi a cire littattafan daga makaranta ba. Sun nemi a sanar da su, a kuma bar musu zaɓi.

Alƙalai ukun da suka ƙi amincewa sun kawo hujjar da ta cancanci amsa: idan kowane uba zai iya fitar da ɗansa daga abin da bai gamshe shi ba, makarantar gwamnati za ta rikice. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Mun san iyayen da, in aka biye musu, 'yarsu ba za ta wuce aji uku ba. Haƙƙin iyaye an ba su ne domin amfanin yaro, saboda haka uba ba shi da ikon hana ɗansa karatu da lissafi da sanin lafiyar jikinsa. Amma ziyarar mai wasa ba ta cikin wannan rukuni. Ba yaron da zai kasa jarrabawa ko ya rasa abin yi a rayuwa domin bai halarce ta ba. Kirki ga wanda ya bambanta da mu kuwa malamar aji tana iya koyar da shi kowace rana, ta wurin tsawata wa mai ba'a da jawo wanda aka ware. Idan abu ba dole ba ne, kuma ya taɓa lamirin iyalai, nauyin neman izini yana kan makaranta.

Ga ra'ayinmu ke nan. Wasan da aka gina domin manya, mai kuma ɗauke da koyarwa kan jinsi, wurinsa ba ajin firamare ba ne, gama ƙuruciya tana da lokacinta kuma ba a gaggauta ta. Iyayen da suke ganin akasin haka suna iya kai 'ya'yansu ɗakin karatu ranar hutu, lamirinsu ne zai amsa. Inda kuwa makaranta ta nace, to yardar da za ta nema ta zama ta gaskiya: a sanar tun da wuri, a faɗi ko wane ne baƙon da abin da zai yi, a binciki tarihinsa kamar yadda ake binciken duk mai kusantar yara, kada a ɗauki shirun iyaye a matsayin amincewa, kada kuma yaron da aka fitar ya zauna shi kaɗai a baranda kamar mai laifi.

Wannan ma'auni bai tsaya kan masu shigar mata kaɗai ba, domin in ya tsaya nan ya zama ƙiyayya ce muka lulluɓe da zanen ƙa'ida. Ya hau kan ɗan siyasa, da mai tallan magani, da mai wa'azin da aka shigo da shi aji ba da sanin iyaye ba. Ya hau kanmu mu ma. A makarantun Katolika akwai 'ya'yan Musulmi da na sauran Kirista, iyayensu sun ba mu amana kamar yadda muke ba wasu. Abin da muke nema a yi mana, wajibi ne mu fara yi musu.

A ƙarshe mu tambayi kanmu. Mu nawa ne muka halarci taron iyaye da malamai na ƙarshe? Mu nawa muka buɗe littafin ɗanmu a wannan zango, ko muka san sunan malamarsa? Mu nawa muka miƙa wa yaro waya, wadda ke shigo da baƙi dubu cikin ɗakinsa ba tare da takardar neman izini ba? Uban da ya yi barci a kan aikinsa, wani zai yi masa, ba kuwa lalle yadda yake so ba. Ubangijinmu Yesu ya rungumi ƙananan yara, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga duk wanda ya sa ɗayansu tuntuɓe. Gargaɗin ya shafi baƙon aji, ya shafi shugaban makaranta, amma mu iyaye ne za a fara tambaya. Bari Iyali Mai Tsarki na Nazarat su yi mana roƙo, mu riƙe amanar da aka ba mu da hikima da tawali'u. Amin.