Rumbu da kasuwa: waƙar da ke cikin salula ta wane ce?

Wani malamin makaranta a Maraɗi ya gaji akwati cike da kaset-kaset daga mahaifinsa. A ciki akwai kiɗan Ɗan Gurmu, da waƙoƙin fada na Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, da wata waƙar biki da aka ɗauka a tsakar gida ranar auren iyayensa. Da rediyo mai kaset ya mutu, sai ya kai su wurin mai kwamfuta aka juye, suka koma cikin ɗan katin ajiya na salula. Daga baya ɗansa ya sa masa Spotify, manhajar sauraron kiɗa da ta fara aiki daga ƙasar Suwidin a 2008, ta iso Nijar a 2021. Ya nemi waƙar auren iyayensa cikin miliyoyin waƙoƙinta, bai same ta ba. Sai aka nuna masa wata ƴar ƙofa: idan ya buɗe ta, manhajar za ta karanto abin da ke ajiye cikin wayarsa, ta jera shi kusa da nata.

Ta wannan ƙofa abu biyu suka haɗu waɗanda halinsu ba ɗaya ba ne. Waƙar da manhaja ke kawowa tana zaune ne a injinan kamfani, mai sauraro kuwa yana biyan kuɗin wata ko ya haƙura da tallace-tallace. Ko wadda ya sauko da ita don ya ji ba tare da intanet ba, a kulle take. Ranar da ya daina biya sai ta yi shiru. Tana kuma iya ɓacewa saboda rigimar da babu ruwansa a ciki. A 2022 mawaƙin nan ɗan Kanada, Neil Young, ya janye waƙoƙinsa daga Spotify, bai maido su ba sai a 2024. Wannan zaman haya ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Waƙar da mutum ya ajiye da hannunsa kuwa kamar hatsi take a rumbu: ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba, gida zai ci tuwo.

Wasu kamfanoni sun gayyaci mutane su kawo hatsin nasu su zuba a rumbun kamfani. Google Play Music ya yarje wa kowa ya ɗora waƙoƙinsa har 50,000. An rufe shi a 2020, kuma a farkon 2021 aka share abin da masu shi ba su kwashe ba. A 2019 MySpace ya amsa cewa kiɗan da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 ya salwanta. Ashe girman kamfani ba ya hana ajiya ɓata. Mai kula yakan bar manhaja ta karanta waƙoƙinsa, amma ainihin ajiyar ya riƙe ta a gida.

Sai dai nan ne tambayar ta fi nauyi. Shin duk abin da ke cikin rumbu na mai rumbu ne? Idan manhaja ta buga waƙa daga taskarta, ana lissafawa, wani abu ya isa ga masu haƙƙin waƙar, ko da kaɗan ne. Idan ta buga wadda ke cikin katin mai waya, mawaƙi ba ya samun ko dala. Kuma kowa ya san yadda katunan nan ke cika: aboki ya tura ta Bluetooth, ko a biya mai kwamfuta ya zuba ɗaruruwa a zama ɗaya. Mai turawa ya samu, mai sauraro ya ji daɗi, wanda ya ɓata dare yana tsara baiti ya tashi a tutar babu.

Labarin Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya nuna fuska biyun lamarin. A 2008 ya ɗauki faifansa Anar a Sakkwato, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula a faɗin Sahel. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikinsu a arewacin Mali, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, ya kuma bi sawun mawaƙan don ya ba su rabonsu. Ba don turawar ba, da muryar ba ta yi nisa haka ba. Ba don an nemi mai ita ba, da suna kaɗai ya ci.

Saboda haka sunan da ya fi dacewa da abin da ke cikin katin malamin nan shi ne amana. Waƙar mawaƙin da ke raye, wadda ake sayarwa ko take cikin taskar manhaja, haƙƙinta shi ne a saye ta ko a saurare ta inda za a biya shi. Wadda ba ta ko'ina sai a hannun mai ita, kamar waƙar biki, ko kirarin ƴan kokowa, ko tatsuniyar da kaka ta yi kafin rasuwarta, haƙƙinta shi ne kada a bari ta mutu. Katin salula yakan lalace, waya takan faɗa ruwa ko hannun ɓarawo.

Aikin bai fi ƙarfin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ba. A rubuta sunan mawaƙi, da garin, da shekarar ɗauka, tun masu sani suna da rai. A ajiye kowace waƙa a wuri biyu. A kai wa iyalan mai waƙar tasu, a nemi yardarsu kafin a miƙa wata ga cibiya irin CELHTO da ke Yamai, wadda ke tattara adabin baka. Malamin Maraɗi zai ci gaba da jin waƙar auren iyayensa ta cikin manhaja. Jikokinsa kuwa za su ji ta ne kawai idan ya yi wannan aikin.