Zanen Ɗalibi: Ɓata Lokaci Ne Ko Amana?

A cikin dubban ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ba a rasa waɗanda in ka buɗe bayan littafin rubutunsu za ka tarar da zane: fuskar wani malami, ganyen ɗorawa da jijiyoyinsa, ko cikin injin da aka kwance a ɗakin gwaji. Da yawansu a ɓoye suke yin abin. Iyaye sun sayar da doya da shinkafa sun biya kuɗin makaranta domin yaro ya fito injiniya, an kuma sha gaya masa cewa zane ba ya kawo tuwo. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wannan hannu mai zane ɓata lokaci yake yi, ko kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta?

Ya kamata mu fara da yi wa iyaye adalci, gama tsoronsu yana da tushe. Wanda ya yi gumi kafin ya haɗa kuɗin zango guda ya san aiki ya yi wuya ko ga mai digirin injiniya, balle mai fenti da buroshi. A wurinsa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sai dai wannan tsoro ya ginu ne a kan zaton cewa kimiyya da zane hanyoyi ne biyu da ba sa haɗuwa. Harshenmu ma bai yarda da wannan rabo ba. Kalmar fasaha da muke kiran jami'ar da ita, da ita muke yabon mai zane, da maƙeri, da maginiyar tukwane.

Shaida tana nan cikin jiharmu, tana kuma cikin aljihun kowa, domin hoton Ladi Kwali yana bayan takardar naira 20. Bagwariya ce daga Kwali, ba ta yi karatun boko ba. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane da hannu, tana ƙawata su da zanen kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi da tsuntsaye. Wanda ya dubi waɗannan zane-zane ya san mai su ta daɗe tana lura da halitta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a garin Abuja na dā, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta fari a wurin. A nan hannunta ya gamu da kimiyya: yumɓun da aka tace aka auna, shafin ƙyalli da ake haɗawa da toka da garin duwatsu, da matoya mai zafin da ya haura digiri 1,200. Tulun gargajiya yana tsatsafo, shi ya sa yake sanyaya ruwa. Na sabuwar matoya ba ya tsatsafo, ya yi nauyi, ya yi tsada, sai ya tashi daga kayan ɗaki ya koma abin kallo. An sami riba, an kuma yi hasara, kuma gaskiya ta bukaci a faɗi duka biyu. An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a nan Minna a 1984.

Akwai wani wuri a labarin da ake yawan tsallakewa. Cardew ya fara ganin tukwanenta ne a gidan Sarkin Abuja, Alhaji Suleiman Barau, wanda ya tara su ya ajiye inda baƙo zai gani. Da sarki bai ba su wuri ba, da wataƙila sunanta ya tsaya a kasuwannin ƙauye, kamar na dubban matan da suka iya abin da ta iya. Baiwa daga Allah take, amma wurin nuna ta a hannun mutane yake. Nan ne alhakinmu ya shigo.

A Suleja kimiyya ce ta taimaki zane. A ƙasar Sifen kuwa zane ne ya taimaki kimiyya. Santiago Ramon y Cajal ya so zama mai zane, mahaifinsa ya matsa masa ya karanta likitanci. Da ya zauna gaban madubin ƙara girman abubuwa yana duban ƙwaƙwalwa, wannan hannu da aka so a hana shi ne ya zana ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya, har ya nuna cewa kowace ƙwaya a ware take da 'yar'uwarta. Ya sami kyautar Nobel a 1906. Mai zane na ƙwarai da masanin kimiyya na ƙwarai horo ɗaya suke sha, wato su dubi abu da haƙuri har su ga yadda yake, su ajiye yadda suke so ya kasance. Wannan horo kuwa reshe ne na faɗin gaskiya.

Wani mai bi zai ce, to, ina batun gumaka? Tambaya ce mai nauyi, kuma Littafin Fitowa ya amsa ta cikin surori biyu da ke maƙwabtaka. A sura 31 Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla, sassaƙar dutse da itace saboda alfarwa ta sujada. A sura 32 Haruna ya karɓi zinariyar jama'a ya ƙera ɗan maraƙi. Ƙarfe ɗaya ne, sana'a ɗaya ce, bambancin yana ga wanda aka durƙusa wa. Macijin tagulla ma da umarnin Allah Musa ya yi shi, amma da mutane suka shiga ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Saboda haka abin tsaro shi ne zuciya. Hana hannu aiki ba ya warkar da ita.

Me ya rage mana ke nan? Ikkilisiyoyinmu a Bosso, Tunga, Chanchaga da Kpakungu suna da zauruka waɗanda suke rufe yawancin ranakun mako. Ba abu mai tsada ba ne a ba ɗalibai bango na kwana uku a lokacin hutu, a gayyato iyaye da maƙwabta, Kirista da Musulmi, su zo su gani, wanda ya iya kuma ya saya. Gani ya kori ji. Uban da ya ga baƙo ya tsaya shiru gaban zanen ɗansa zai koma gida da wani tunani dabam.

Ku kuma ɗalibai, kada ku zauna jiran a kira ku. Ƙungiyar masu zane ta Zariya da ta sāke fuskar zanen Nijeriya, ɗalibai ne suka kafa ta a 1958, irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Gasar Life In My City da aka soma a Enugu a 2007 domin matasa masu zane aka yi ta. Amma ku riƙe abu biyu. Kada zane ya zama hujjar faɗuwa jarrabawa, gama kuɗin iyayenku ma amana ne. Kada kuma ku sa hannu a kan aikin da kuka kwafa, ko hoton da kwamfuta ta haɗa muku, ku ce naku ne. Shaidar zur ce, ko da da launi aka yi ta.

A misalin talanti na Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta bai saci kome ba, binnewa kawai ya yi saboda tsoro. Ya kamata iyaye, malamai da dattawan ikkilisiya mu binciki kanmu, kada a same mu muna miƙa wa 'ya'yanmu fartanyar haƙa ramin. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.