GASKIYA KO KASUWA? DARASI DAGA TSEREN MOTOCIN KWAMFUTA

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masu fasaha tuwo a ƙwarya. Idan mai fasaha ya lura cewa tsagwaron gaskiya ba ta karɓuwa a wurin jama'a, shin ya dace ya surka ta domin ya sami na cefane, ko kuwa ya kafe a kanta ko da za ta kai shi ga karyewar jari? Mu marubuta mun sha tafka muhawara a kan wannan batu. A wannan karo kuwa muna gayyatar mai karatu zuwa wani fage da ba mu saba leƙawa ba, wato fagen wasannin tseren motoci na kwamfuta, domin a can an taɓa yin wannan shari'a a bainar jama'a.

Wasannin nan iri biyu ne. Akwai wanda mutum zai taka totur har ƙasa, ya gwabza wa katanga karo, motar ta juyo ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Akwai kuma wanda masu shirya shi suke zama su lissafa nauyin mota da ƙarfin inji da yadda taya ke riƙe kwalta, ta yadda wanda ya makara wajen taka birki a kwana, sai dai ya tsinci kansa a ciyawa. Wannan na biyun ne abin da ya dame mu.

A Amurka, kamfanin Papyrus, wanda David Kaemmer da Omar Khudari suka kafa a 1987, shi ne ya yi fice. Ya fitar da Indianapolis 500 a 1989, sannan NASCAR Racing a 1994, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 1. A Ingila kuma akwai Geoff Crammond, masanin kimiyyar lissafin motsi, wanda ya shirya jerin wasannin Grand Prix daga 1991. A wancan zamani gaskiya da kasuwa a akushi ɗaya suke ci.

Sai a 1998 Papyrus ya fitar da Grand Prix Legends, wanda ya kwaikwayi gasar Formula 1 ta shekarar 1967. Motocin wannan shekara ga ƙarfin inji, ga rashin nauyi, ba su kuma da fukafukan nan da ke danne mota a ƙasa. Kamfanin ya kwaikwayo su yadda suke, har da tsohuwar hanyar Nürburgring ta Jamus mai tsawon kilomita 22 da ɗoriya. Masana suka yaba, amma sabon shiga da ya zauna gaban sitiyari, tun a kwanar farko motar kan juye da shi. Mutane da yawa suka yi fushi suka ajiye, cinikin bai taka kara ya karya ba.

Daga nan al'amura suka fara ja da baya. Jama'a sun karkata ga akwatunan wasa da ake jonawa da talabijin, inda Gran Turismo na 1997 ya sayu fiye da kwafi miliyan 10. Grand Prix 4 na 2002 ya zama na ƙarshe a jerin Crammond. Kamfanin Sony ya kankane izinin amfani da sunan Formula 1 daga 2003, kamfanin EA ya kankane na NASCAR, a 2004 kuma uwar kamfanin Papyrus ta rufe shi.

To, wa za mu ɗora wa laifi? Abu ne mai sauƙi mu ce jama'a malalata ne, ba sa son wahala. Amma mu yi adalci. Mutumin da ya wuni yana fama, ya dawo gida da yamma yana neman abin da zai ɗebe masa kewa, bai yi laifi ba don ya ƙi sayen abin da zai ƙara masa takaici. Ɗan kasuwar da ke biyan ma'aikata albashi shi ma yana da hujjarsa. Wanda duk ya taɓa buga littafi da kuɗin aljihunsa, ya zuba ido ƙura na hawa kansa a shago, ba zai yi gaggawar zagin mai neman ciniki ba.

Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu, wace gaskiya ce ma ake magana a kai? Ko wasan da ya fi kowane tsanani bai kwaikwayo komai da komai ba. A gasar Monako ta 1967 direba Lorenzo Bandini ya ƙone a cikin motarsa, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Wanda ya yi haɗari a kwamfuta kuwa, maɓalli kawai zai danna ya sake farawa. Ashe kowace fasaha zaɓe take yi daga cikin gaskiya. Abin da muke ganin bai kamata a zubar ba shi ne dangantakar da ke tsakanin aiki da sakamakonsa. Wasan da ke nuna wa yaro cewa ganganci ba ya jawo komai, yaudararsa yake yi, ko da kuwa yana jin daɗin yaudarar. Haka labarin da tauraronsa zai sheƙe ayarsa tun daga shafin farko har na ƙarshe, bai biya ko anini ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, faɗin gaskiya kawai bai sauke wa mai fasaha nauyi ba. Malamin da ya miƙa wa ɗan aji ɗaya littafin 'yan jami'a bai yi masa ƙarya ba, amma bai koyar da shi ba. Abin da Kaemmer ya yi daga baya ya nuna ya gane haka. Ya haɗa gwiwa da attajiri John Henry, suka buɗe iRacing a 2008, inda ake biyan kuɗin rajista a yi tsere da mutane ta intanet. Ba a rage wa motocin wuyar sarrafawa ba. Abin da aka yi shi ne, sabon shiga yana farawa da ƙananan motoci, ana ƙirga yawan karo da sauka daga hanya da yake yi, sai ya nuna natsuwa sannan a ɗaga darajarsa. Wato an bar gaskiya a inda take, an kafa wa mai zuwa tsani. William Byron, wanda ya fara koyon tsere a wannan dandali, shi ne ya lashe gasar Daytona 500 ta zahiri a 2024 da 2025. Shi ma Grand Prix Legends da kasuwa ta ƙi, masoyansa sun shafe shekaru suna ƙara masa hanyoyi da motoci da hannunsu, alhali wasanni masu yawa da suka fi shi ciniki an manta da su.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, amsarmu ita ce kada mu surka gaskiya, kada kuma mu jefi mai karatu da ita. Hausawa sun ce gaskiya ɗaci gare ta, amma ba su ce ɗacin ne amfaninta ba. Duk lokacin da aikinmu ya yi kwantai, kafin mu zargi jama'a, mu fara dubawa: gaskiyar da muka faɗa ce suka guda, ko kuwa mu ne ba mu kafa musu tsanin hawa ba?