Kan Wata, Jikin Wata: Wace Ce Barbie ta Asali?

A bayan miliyoyin 'yan tsanan Barbie, daidai ƙugu ko a mazaunai, akwai ɗan rubutu da aka zuba tare da robar: sunan kamfanin Mattel da shekarar 1966. Wannan lamba ta sha ruɗin mutane. Wata za ta kwaso kayan wasan yarintarta daga ɗakin ajiya a Amurka, wani kuma ya ci karo da 'yar tsanar cikin dilar kayan gwanjo, ya juya ta, ya ga shekarar, ya ce ai ya yi tsintar dami a kala. Sai ya kai ta gaban masanin harkar. Shi kuwa kallo ɗaya zai yi wa sunan ƙasar da aka buga a jikinta, ya miƙa masa abarsa. Idan Sin aka rubuta, ko Maleshiya, ko Indonesiya, to 'yar tsanar ba ta ga shekarun 1960 ba, don sai daga shekarun 1980 zuwa sama aka fara yin ta a waɗannan ƙasashe.

Kuma lambar ba ƙarya ta yi ba. A 1966 ne kamfanin ya yi rajistar haƙƙin mallakar ƙirar jikin nan mai juya ƙugu, wadda ta shiga kasuwa a 1967, aka kuma ci gaba da zuba jiki a wannan ƙira, da wannan lamba, har ƙarshen shekarun 1990. Haka abin yake ga kai: fuskar nan mai faɗin murmushi da ta fito a 1977 tana ɗauke da 1976 a bakin wuya. Ke nan 'yar tsana za ta iya fitowa daga masana'anta a 1995, kanta na cewa 1976, jikinta na cewa 1966, kowanne ya faɗi gaskiya, amma babu wanda ya faɗi shekarar da aka yi ta.

Tsofaffin na gaske da wasu alamu ake gane su. Barbie ta fara bayyana ranar 9 ga Maris 1959, a bajekolin kayan wasan yara na birnin New York, a kan dala 3. Ruth Handler, wadda ita da mijinta Elliot suke cikin waɗanda suka kafa Mattel, ita ta raɗa mata sunan 'yarta Barbara. A Japan aka yi ta, a can aka ɗinka mata tufafi, a can kuma aka ci gaba da yi har farkon shekarun 1970. Masu tara su sun jera fitowar farko-farko da lamba: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, haka dai. Ta ɗaya ita ce kowa ke nema. A tafin kowace ƙafarta akwai rami, an zura masa ɗan bututun jan ƙarfe, don a kafa ta a kan ƙusoshi biyu na faifan da take tsayawa a kai. Ƙwayar idonta fara ce, girarta ta tashi da tsini a tsakiya, kallon gefe take yi, tana sanye da rigar ninkaya mai ratsin baƙi da fari. A mazaunanta an buga 1958 da lambobin Rumawa, MCMLVIII.

Ta biyu fuskarsu ɗaya da ta farko, sai dai an toshe zancen ramukan ƙafa. Ta uku, a 1960, ta zo da shuɗin ido da gira mai lanƙwasa, kuma robarta kan koɗe da tsufa har ta koma fara fat. Ta huɗu an canza haɗin robar, launin fatarta ya daina gudu. Ta biyar, a 1961, gangar jikinta holoko ce, don haka gwani kan ɗora ta a tafin hannu ya ji nauyinta tun kafin ya duba rubutu. Har ciwo suna da shi na kansu: ƙarfen 'yan kunne kan ci robar a hankali ya bar koren tabo da ke yaɗuwa zuwa kunci, shi ya sa abin da mai ilimin harkar ke fara yi shi ne cire 'yan kunnen ya ajiye su daban.

Wannan ilimi kuɗi ne. A 2006 an sayar da wata ta ɗaya a gwanjo a kan sama da dala 27,000.

Inda kuɗi ya kai haka kuwa, dole hannu ya shiga. Kan tsohuwar Barbie da ja ɗaya yake fita daga wuya, kuma yaran da suka yi wasa da ita sun san haka sarai: sun sha ɗora kan wannan a jikin waccan ba da wata manufa ba. Bayan su sai masu gyara, masu tsige gashin da ya lalace su dasa sabo da allura, su sake zana leɓe da gira, su wanke koren kunne da magani. Sai dillalan da ke sayen rukunin 'yan tsana masu rauni su harhaɗa guda mai kyau daga cikinsu. Rami a tafin ƙafa ma, ai kowa na iya huda shi. A ƙarshe za a ajiye wa mai saye 'yar tsana mai kan 1959, jikin 1961, gashin bara, da rigar ninkaya ta gaske ta 1959 wadda aka sayo daga hannun wani daban. Yawancin abin da ke jikinta tsoho ne, kuma na Mattel ne. To wace ce ita?

Tambayar ta girmi roba nesa ba kusa ba. Plutarch, marubucin Girka da ya rayu tsakanin ƙarni na ɗaya da na biyu na Miladiyya, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu, wasu na cewa jirgin nan ne dai, wasu na cewa ya zama wani. A ƙarni na 17 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa zancen wuya: idan wani yana bin baya yana tsince tsofaffin katakan, ya kuma haɗa jirgi da su, wanne ne na Theseus a cikin biyun? A shagon mai gyaran 'yan tsana wannan ba tatsuniya ba ce. Akwatinsa cike yake da kawuna da hannuwa da ƙafafun da ya cire, kuma daga cikinsu zai iya tayar da wata 'yar tsanar da ta fi wadda ya gyara tsufa gaɓa da gaɓa.

Amsar masu tarawa mai tsauri ce: ta asali ita ce wadda take yadda ta bar masana'anta. Amsa ce mai amfani a kasuwa, amma ba ta jure bincike sosai. Daga 1963 Mattel da kansa ya riƙa zuba jiki ɗaya wa Barbie da ƙawarta Midge, da sunayen su biyun a mazaunai, kai kawai ke raba su. A 1994 kamfanin ya sake fitar da kwafin ta 1959 don cikarta shekara 35, kwafi ne, kuma na masu abin ne. Ita kanta ta farkon ba daga sama ta faɗo ba. A 1956 Ruth Handler ta ga wata 'yar tsanar Jamus mai suna Lilli a wani shago a Suwizalan, wadda aka ƙera daga wani zanen barkwanci na jaridar Bild, kuma tun farko manya aka yi wa ita, ba yara ba. Ta sayo ta ta kai Amurka, daga ita aka ɗauki siffar Barbie, kuma a 1964 Mattel ya sayi haƙƙin mallakar Lilli, aka daina yin ta.

Wasu sun nemi mafita a kwali. Mafi daraja a wurinsu ita ce wadda ba a taɓa buɗe kwalinta ba, don babu hannun da ya isa gare ta. Amma a cikin kwalin ma robar na canza launi, zaren robar da ya ɗaure gashi na narkewa, ƙarfe na cin kunne. Akwai kuma abin da ya kamata ya tsaya wa mai tunani a rai: wannan 'yar tsana mafi tsada ita ce wadda ba ta taɓa yin aikin da aka yi ta dominsa ba. Mai karatu Musulmi zai lura da wannan ta wata fuskar. Sassaucin da malamai da yawa suka yi kan 'yan tsana, ciki har da Alƙali Iyad na Malikiyya, ya ginu ne a kan abin da aka ruwaito na Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da nata ita da ƙawayenta, kuma dalilin da suka kawo shi ne wasan 'ya'ya mata da koyon reno. Wadda aka kulle a gilashi don kallon manya ta yi nisa da wannan dalili, kuma wanda zai shiga harkar ya dace ya tambayi malaminsa tukuna.

Akwai wata amsar, kuma tana tsaye a tsakiyar Agadas. Hasumiyar babban masallacin garin, mai tsawon mita 27, an gina ta a 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma ana sabunta yaɓenta lokaci bayan lokaci. Sandunan da suka fito daga jikinta ma matakan masu yaɓe ne. Ƙasar da ke fuskarta a yau ba ita magina na farko suka cuɗa ba, amma babu mai cewa wani masallaci ne daban. Wurin bai canza ba, sallar ba ta yanke ba, sannan gyaran da rana tsaka ake yin sa, gari na kallo. Kowa ya san abin da aka taɓa da wanda ya taɓa shi.

A nan bambancin yake da 'yar tsana mai aron kai. Gyaran ba shi ne ya ɓata ta ba. 'Yan tsana biyu za su iya zama iri ɗaya a ido, farashinsu ya yi hannun riga, saboda abin da ya faru da kowacce a shekara sittin da wani abu. Wannan tarihin shi mai saye ke biya wa kuɗi. Robar na faɗin wani sashe nasa, ta nauyi da launi da ramin ƙafa, ragowar kuwa yana kan harshen mai sayarwa, kuma babu gilashin ƙara girma da zai tono shi idan ya yi shiru.

Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan gaɓa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure, a babin ciniki ta hana ɓoye aibi, ta hana cakuɗa mai kyau da maras kyau, ta kuma hana mai kaya yin shiru a kan duk abin da in ya faɗe shi mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Ma'aunin na ƙarshe ya zauna wa wannan kasuwa daram. Sabon gashi ba aibi ba ne a idon yarinya, ƙila ma ya fi tsohon kyau, amma faɗinsa na rage farashi a wurin mai tarawa, don haka faɗinsa ya zama dole. Imam Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa. Abin da ya tuhume shi a kai shi ne rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani.

Nauyin yana ƙaruwa gwargwadon sani. Tsohuwar da ta fitar da kayan 'yarta ta sayar a ƙofar gida ba ta san an taɓa musanya kai ba, babu algus a wuyanta. Gwanin da ya san bambancin ta huɗu da ta biyar a tafin hannu ba shi da wannan uzuri. Kuma ilimin nasa kaifi biyu gare shi, don shi ne kuma zai iya hango ramin jan ƙarfe a ƙafar 'yar tsanar da tsohuwar ta sa wa dala biyar, ya biya ya yi gaba bai ce uffan ba. A cikin masu tarawa ana ba da irin wannan labari da alfahari. Amma shari'ar da ta hana a tare fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, wannan gibin na sani take karewa, kuma da wuya mai tsoron Allah ya ji daɗin ribar da ya ci daga jahilcin wata.

Akwai dillalan da suka riƙe amana a harkar, kuma daga tallarsu ake gane su. Sukan rubuta komai dalla-dalla: kai na ta uku ne, jikin na ta huɗu, an dasa gashi, an taɓa jan leɓe, akwai koren tabo a kunnen hagu an yi masa magani, rigar ta asali ce amma ba tare suka zo ba, takalman kwafi ne. Sukan ɗauki hoton tafin ƙafa da bakin wuya da rubutun mazaunai, har da wurin da yaro ya taɓa gatsa a yatsa. Mai saye a Tokyo ko Landan zai karanta, ya san abin da zai iso masa a kwali, ya yanke shawara da idonsa a buɗe. Farashin zai sauka, kuma dillalin ya san haka tun kafin ya fara rubutawa.