Labarin Zuciya, A Tambayi Fuska?

A birnin Haarlem na ƙasar Holan, wajen kilomita 20 yamma da Amsterdam, akwai wani tsohon gida na bulo a kan wani ɗan titi da ake kira Groot Heiligland. Wanda ya shiga zai tarar da tsakar gida mai shuke-shuke, ɗakuna kuwa sun kewaye ta. An gina shi wajajen 1609 domin tsofaffin maza waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ba su kuma da mai riƙonsu. Ƙananan ɗakuna talatin ne, kowanne da tsofaffi biyu, sai kuwa wanda ya kai shekara sittin ake karɓa, ya zo da gadonsa da kujerarsa da bargunansa. Kuɗin ginin daga wata babbar caca ta gari aka samo shi a 1606, abin da zai sa mai karatu ya ɗaga gira idan ya tuna cewa dattawan birnin masu bin koyarwar Kalbin ne. Daga baya gidan ya zama na marayu. Tun 1913 kuwa ya zama gidan adana zane-zane, yana ɗauke da sunan mutum guda, wato Frans Hals, mai zanen fuskokin mutane.

An haifi Hals a Antwerp wajajen 1582. Iyayensa suna cikin dubban da suka yi ƙaura zuwa arewa a zamanin da sojojin Sifen suka ci birnin a 1585, shi kuwa ya girma a Haarlem, ya tsufa a can. Ya tarar da ƙasar da majami'unta suka daina sayen zane. A 1566 jama'a sun farfasa siffofi a majami'u da yawa bisa ga fahimtarsu ta doka ta biyu, a 1578 kuma babbar majami'ar Haarlem ta koma hannun 'yan Furotesta, bangonta ya zama fari fat. Mai zane da yake neman abin sawa a baki dole ya juya ga 'yan kasuwa, da masu saƙa, da masu wa'azi, da matansu. Su kuwa abu ɗaya suke biya a yi musu: kamanninsu.

Ɗakunan farko na gidan cike suke da fara'a. Manyan zane-zane biyar na hafsoshin dakarun tsaron birni suna nan, na farkonsu daga 1616: maza masu jan kumatu a bakin tebur, da tutoci, da kofuna a ɗage, wani ya juyo kamar an kira sunansa. Baƙo yakan wuce su da murmushi. Inda ƙafarsa takan tsaya cik shi ne gaban zane biyu na ƙarshe, waɗanda Hals ya yi wajajen 1664, yana da shekara fiye da tamanin.

Zanen shugabannin wannan gida na tsofaffi ne, suna kuwa rataye yau a cikin ginin da aka yi su dominsa. A ɗaya, maza biyar ne da baransu. A ɗayan, mata huɗu ne a bakin tebur, wata mai hidima tana shigowa daga gefe da takarda a hannu. Launi ya kusan ƙarewa, sai baƙin tufafi da farin wuyan riga da fatar mutum. Van Gogh, da ya duba ayyukan Hals a 1885, ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa mutumin nan yana da baƙin fenti har iri ashirin da bakwai. Buroshin yana gudu, hannun riga ya zama 'yan zane-zane uku ko huɗu, amma fuskokin ba a rage musu kome ba. Ga kumatu da suka zube, ga leɓe a tsuke, ga idanu da suka gaji, ga yatsu busassu kamar ƙirare a kan tebur. Ɗaya daga cikin mazan hularsa ta karkace, idanunsa sun yi nauyi, bakinsa ya saki.

Wanda ya yi wannan aiki matalauci ne a lokacin. Tun shekaru da dama kafin nan wani mai gashin burodi ya sa an kwashe kayan ɗakinsa saboda bashi, katifu uku da tebur da kabad da zane biyar. A 1664 hukumar birni ta yanka masa gilda 200 a shekara, ta kuma ba shi amalanke uku na makamashin da ake haƙowa daga fadama domin ya ji ɗumi da hunturu. An daɗe ana baza labari cewa shi kansa mazaunin gidan tsofaffin ne. Ba haka ba ne, bai taɓa zama a ciki ba. Duk da haka tsoho mai cin taimako ne ya zauna yana duban masu rabon taimako, aka kuwa ba shi izinin ya dube su son ransa.

Daga nan gardama ta tashi. Waɗansu suka ce ramuwa ce: talaka ya sami dama ya tona asirin masu hannu da shuni, ya nuna matan nan marasa tausayi ne, mai karkatacciyar hular nan kuma a buge yake. Masanin tarihin zane Seymour Slive ya ƙi wannan fassara, ya ce mai yiwuwa shanyewar ɓarin fuska ce take damun mutumin, sa hula a karkace kuwa ado ne na zamanin. Marubuci John Berger ya mayar masa da martani a wani shirin talabijin na BBC a 1972, yana ganin cewa masana suna rufe abin da ido yake gani a fili, wato yadda matalauci yake kallon masu iko a kansa.

Tambaya ta fari da zanen yake jefa wa baƙo ita ce, ko nuna mutum yadda yake cin mutunci ne. Yawancin mutane, in sun faɗi gaskiya, haka suke ji. Shi ya sa mai ɗaukar hoto yakan share tabo kafin ya wanke, wayar hannu kuma ta koyi goge tamoji tun ba a roƙe ta ba. Ana kiran wannan kirki. Amma idan aka bi shi zuwa gindinsa, akwai raini a ciki. Wanda ya gyara fuskar tsohuwa domin ta yi kyan gani ya riga ya yanke hukunci cewa fuskarta ta ainihi ba ta isa a duba ba, shekarunta abin kunya ne, gara a sa wata a madadinta. Hals bai yi wa matan nan haka ba. Ya ɗauka cewa mace da ta tsufa tana ƙirga barguna da burodi domin tsofaffi sittin ta cancanci a tuna da ita da fuskar da shekarun suka bar mata. Akwai girmamawar da ta fi yabo nauyi, ita ce a dubi mutum da kyau, a daɗe ana dubansa, kada a kau da kai daga abin da aka gani.

Sai dai wannan bai rufe maganar ba, gama ba kowane mai cewa gaskiya yake faɗa ba ne mai adalci. Kowa ya san irin mutumin da yakan zaɓi gaskiyar da za ta fi yin ciwo, ya bar sauran, sa'an nan ya ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Mai zane ma yana iya yin haka ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Fuska tana sauyawa sau dubu a yini, shi ne kuwa mai zaɓen wadda za ta dawwama. Idan ya kama mutum a daidai lokacin da gajiya ta sauko masa, kowane layi gaskiya ne, jimlar kuwa ƙazafi ce. Ma'aunin da ya fi dacewa a gwada Hals da shi shi ne ko ya bar wa mutanen nan fiye da fuska ɗaya. Wanda ya daɗe a gaban zanen matan zai lura cewa ba ya iya tsai da shawara a kansu. Wadda ta yi kama da mai tsanani a duban farko, a na biyu sai ta yi kama da wadda ta binne 'ya'ya. Zanen ba'a yakan rufe mutum cikin hali guda, da zarar an gane shi an gama da shi. Waɗannan kuwa shekara fiye da 350 ana kallonsu, ba a gama da su ba.

A nan ne nauyin ya bar wuyan mai zane ya koma wuyan mai kallo. Hausawa sukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, akwai kuwa gaskiya a ciki, domin uwa takan san ɗanta yana da damuwa tun bai buɗe baki ba. Amma uwa ta san fuskar nan tun ranar haihuwa. Baƙon da ya sauko daga jirgin ƙasa, ya tsaya minti biyar, ya ce wancan mashayi ne, waccan muguwa ce, da me ya sani? Idan Slive ne yake da gaskiya, to, tsararraki sun yi ta yi wa marar lafiya dariya suna kiransa bugagge, shi kuwa ba shi da bakin kare kansa. Idan Berger ne, har yanzu mai kallo bai ga zuciyar kowa ba, ya ga yadda wani tsoho ya ga waɗansu ne a wata shekara mai wuya. Abin da yakan faru a ɗakin nan shi ne kowa yakan zo da hukuncinsa daga gida. Wanda ya taɓa tsayawa a layin karɓar taimako yakan ga masu wulakanci. Wanda ya taɓa riƙe asusun gwauraye da marayu, kuɗi kaɗan buƙata da yawa, yana cewa a'a ga mutanen da ya san suna da gaskiya, yakan ga gajiyar da ya sani. Irin wannan saurin karanta fuska ne yakan raba maƙwabta, ya sa suruka ta ƙi amarya tun ranar farko, ya sa a ce wane mai girman kai ne alhali kunya ce take damunsa.

Akwai wani zanen Hals da ba ya cikin gidan, yana Berlin, amma ya kamata a sa shi a ma'auni. Wata tsohuwa ce da ake kira Malle Babbe, wato Babbe mahaukaciya, tana ƙyalƙyala dariya, mujiya a kafaɗarta, babban kofin giya a hannunta. An daɗe ana zaton ƙirƙirarta aka yi, sai takardun birni suka nuna mace ce ta gaske mai suna Barbara Claes, wadda aka tsare a gidan aikin da ake kai masu taɓin hankali da marasa galihu. A gidan nan aka ajiye Pieter, ɗan Hals na cikinsa. Shugabannin gidan tsofaffi su suka nemi a zana su, suna da ikon su ƙi abin da aka yi. Barbara ba ta da wannan iko. Ko mahaifin Pieter ya dube ta da idon mai neman abin dariya ne, ko da idon wanda ya san ƙofar gidan nan sarai, tambaya ce da ta fi ta shugabannin wuya, gama faɗin gaskiya a kan mai ƙarfi da faɗinta a kan wanda ba zai iya amsawa ba, ba nauyinsu ɗaya ba.

Mai fita daga ɗakin ƙarshe yakan sake bi ta tsakar gida, inda tsofaffin suka riƙa shan hantsi. Cikin manyan zane-zanen Hals da ke gidan, na hafsoshi biyar da na shugabannin gidajen jinƙai uku, babu na mazauna ɗakunan nan talatin, domin zane kuɗi ne, su kuwa gado da bargo kaɗai suka zo da su.

Tafiyar 'yan mintoci ce daga nan zuwa babbar majami'ar Bavo da ke kasuwar birni. A cikinta aka binne Hals ranar 1 ga Satumba, 1666, a ƙarƙashin daɓen dutse. Matarsa Lysbeth ta rayu bayansa, ita ma sai da ta nemi taimakon masu kula da matalauta.