Abin da ke korar ma'aikaci daga wurin aikinsa

 

Ya ku ƴan uwa musulmi, akwai wani kuka da muke yawan ji a bakin masu shaguna, tun daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram, da masu gareji da teloli: wai yaran yanzu ba su zama, da sun koyi aiki sai su tsere, ba haƙuri, ba godiya. Mun saurari wannan kuka, kuma a cikinsa akwai gaskiya. Amma mun kuma zauna da waɗanda suka tafi, abin da muka ji daga bakinsu shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mafi yawansu ba ƙarancin kuɗɗi suka fara ambata ba. Abin da suka fara cewa shi ne ba su san matsayinsu ba. Uba ya kawo ɗansa shagon Alhaji, aka yi fatiha, aka ce "ga ɗanka nan". Ba a yanka lada ba, ba a faɗi shekarun da zai yi ba, sai dai an san wata rana za a sallame shi da jari. Shekara bakwai ta wuce, takwas ta wuce, yaro ya zama magidanci, sallama kuwa kullum sai baɗi. In ya yi magana a ce ya yi rashin kunya. To, wannan kunya da muke taƙama da ita ta saɓa ma abin da muke karantawa a zaurukanmu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ijara tana halatta ne in an yanka mata lokaci an kuma ambaci lada. Ko dattijon Madyana da ya ɗauki Annabi Musa (A.S.) aiki, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, sai da ya faɗa ma shi shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne, ya kuma yi alkawarin ba zai tsananta ma shi ba. In har an yi ƙayyadadden sharaɗi da Annabin Allah, wane ne Alhaji da zai ga rubuta yarjejeniya abin kunya ne?

Sai jinkirin biya. Manyanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da darajar sefa ta faɗi da rabi, ga kuma watannin da ma'aikatan gomnati suka yi ta jiran albashi a shekarun nan. Malamin lakkwal ya aje alli ya koma kasuwa, ba don ya ƙi karantarwa ba. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya ɗanɗana ma na ƙasa da shi ba. Hadisin Ibn Majah ya yi umurni da a biya ɗan ƙodago tun guminsa bai bushe ba, kuma a cikin Buhari Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa mutum uku da Shi da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗayansu wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana lada. Daga 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar Nijar jika 42 ne a wata. Kowa ya duba abin da yake ba mai gadinsa da yarinyar aikin gidansa, ya kuma duba ranar da yake bayarwa.

A nan dole mu taɓa kanmu. Mu ƙungiyoyin addini muna da makarantu, kuma malamin madarasa yakan yi wata biyu yana jira, in ya tambaya a ce da shi aikin Allah ne. Aikin Allah ne, haƙiƙa, amma mai hatsi ba ya auna ma shi tiya da wannan kalma. Ranar da ya bar allo ya hau kabu-kabu, ko ya bi ayarin masu neman zinariya kamar yadda samari suka kwarara Jado a 2014, kada mu ce imaninsa ne ya yi rauni.

Akwai kuma wulaƙanci, wanda shi ne ke yanke igiya ta ƙarshe: zagin uwa gaban masu saye, tuhumar sata ba shaida, hana mutum zuwa jana'izar danginsa. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi ma Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara goma, ya ce ko tsaki bai taɓa yi ma shi ba.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa nauyi: ya cika wa'adin da ya ɗauka, ya sanar kafin ya tafi, ya miƙa makulli da lissafi, kada ya janye masu cinikin maigidansa a ɓoye.

Wanda yaronsa ya riga ya tafi da fushi kuwa, tafiyar ba ta sauke bashi ba. Ku tuna mutum ukun da dutse ya rufe ma bakin kogo, a hadisin Buhari da Muslim. Ɗayansu ma'aikacinsa ya tafi ya bar ladansa. Sai ya juya ladan har ya zama garke, da mai shi ya dawo ya miƙa ma shi duka bai rage komi ba, kuma da wannan aiki ya roƙi Allah dutsen ya gusa. Duk wanda ke riƙe da sauran watan wani, ko sallamar da aka yi ta ɗagawa, ya neme shi tun wannan mako. In ya rasu, magadansa suna nan.