Don Ɓarawo Ɗaya A Ƙone Gari?

Wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da kaka, in ya iso Ambursa, zai ga abin da ke faranta rai: shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, wake kuma ya yaɗu a ƙarƙashinsu. Amma in ya tsaya ya ɓare kwanson wake guda, watakila ya tarar wani ya riga shi. Wata 'yar tsutsa ce mai ɗige-ɗige baƙaƙe a baya. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda masana ke kira Maruka. Yakan yi ƙwai a kan furen wake, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta cinye fure, sa'an nan ta huda kwanso ta shige. Masu binciken aikin gona sun ce in ta yi yawa takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona.

To, babu mai musun cewa manomi yana da ikon kare gonarsa. Shi ya yi shara, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, iyalinsa kuma ga wannan waken suka dogara. Tambayar da muke so mu duba ita ce: in mutum ya tashi hukunta mai laifi, ya halatta ya haɗa da marasa laifi?

A ce wani sarki ya ji labari ɓarawo ya shiga wani ƙauye ya ɓuya. Sai ya aika dogarai su sa wa ƙauyen wuta. Lalle ɓarawo zai mutu, amma tare da shi liman zai mutu, da maƙeri, da jariri a goye. Ko yaro ya san wannan sarki azzalumi ne. To, kai mai karatu, dubi abin da yawancinmu ke yi da famfon feshi. Maganin ƙwari irin wanda aka fi saye a kasuwa bai san mai laifi da mara laifi ba. Yana kashe tsutsa, yana kashe ƙudan zuma da ke kai ƙurar fure daga wannan tsiro zuwa wancan, yana kashe gizo-gizo da zanzaro waɗanda su ma tsutsar suke farauta, watau dogaran da ke yi wa manomi tsaro ba da lada ba. In ruwan sama ya sauka, ya wanke sauran ya gangara da shi fadama. Mutanen Kabi kuwa sun fi kowa sanin darajar ruwa, su da ake taruwa daga ƙasashe a zo kallon sunsu a Matan Fada tun 1934. Kifin da ya sha guba, a tukunyar wa zai ƙare?

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A shekarar 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya, domin sun auna sun sami maganin ƙwari mai suna diklorbos a cikinsa fiye da ƙima. Waken da baƙi suka ƙi, mu muka ci shi da 'ya'yanmu.

Ashe akwai wata hanya. A shekarar 1901 wani masani a ƙasar Japan, Ishiwata, ya binciki abin da ke kashe tsutsar alharini, ya tarar wata ƙwayar halitta ce wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, irin waɗanda ake kira bakteriya. A 1911 wani Bajamushe, Berliner, ya sake samunta a jikin tsutsar da ke cin garin alkama, daga lardin Turingiya. Daga sunan lardin ta sami sunanta, Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. A 1938 aka fara sayar da ita ga manoma a Faransa. Ba wani ya ƙera ta ba, a cikin ƙasa take zaune tun fil azal.

Ga yadda take aiki. Ƙwayar tana yin wani ɗan ƙanƙanin dutse a jikinta. In tsutsa ta ci ganyen da aka fesa wa, dutsen nan ya narke a cikinta, domin ruwan cikin tsutsa kamar ruwan kanwa yake. Da ya narke sai ya kama bangon hanjinta ya huhhuda. Tsutsa ta daina ci, bayan kwana biyu ko uku ta mutu. Cikin mutum kuwa, da na akuya da na kaza, tsami gare shi, kuma hanjinsu ba shi da wurin da dafin zai kama, kamar mabuɗin da bai sami ƙofarsa ba. Irin da ake fesa wa tsutsa ba ya taɓa ƙudan zuma, ba ya taɓa kifi.

A ƙasashen da ke da manyan gonakin rumman, kamar Iran da Tunisiya, manoma suna fama da wani ɗan'uwan Maruka. Yana yin ƙwai a cikin ɗan kambin nan da ke bakin rumman, tsutsa ta bi ta nan ta shige, ruɓa ta biyo bayanta. In ta riga ta shiga, feshin guba ba ya kai mata, sai dai ya kashe na waje waɗanda ba ruwansu. Saboda haka masana a can suka gwada Bt, suka ga sai an fesa shi a kan kari, tun tsutsa tana bakin ƙofa, kuma sai an haɗa da tsince rumman da ya faɗi a kawar da shi. Mu nan rumman kaɗan ne a lambunanmu, amma darasin namu ne: makami mai adalci yana bukatar mai ido da haƙuri.

A gida kuwa, masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, sun bi ta wata hanya dabam. Sun fitar da irin wake wanda aka sa wa siffar nan ta Bt a jikinsa, har in Maruka ta ci shi ta mutu. Hukuma ta yarda da shi a 2019, sunansa SAMPEA 20-T. Masu shi sun ce manomin da ke feshi sau shida ko takwas zai koma sau biyu, domin akwai sauran ƙwari da irin ba ya yi musu kome.

Yanzu bari mu saurari masu ja, gama ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya.

Na farko ya ce, "Sakin cuta a kan halitta mugunta ce. Guba tana kashewa nan take, wannan kuwa sai tsutsa ta kwana biyu tana wahala." Wannan magana tana da nauyi, mai tausayin tsutsa kuwa ba abin dariya ba ne. Amma a auna. A hannu guda ga tsutsar da ta ci gonarka, a ɗaya hannun ga ita, ga zuma, ga gizo-gizo, ga kifi, ga yaron da ka aika ya yi feshi ba takalmi ba abin rufe hanci. In ba makawa sai an yi ɓarna, mai hankali ya zaɓi ƙarama. Sai dai kada mu wanke Bt sarai: yana kashe tsutsar malam-buɗe-littafin da bai taɓa wakenka ba, in ta ci ganyen da feshi ya sauka a kai. Saboda haka a tsaya a kan gona, kada a bi daji da shi.

Na biyu ya ce, "Ni talaka ne. Wannan magani ba a samunsa a kowace kasuwa, rana tana kashe ƙarfinsa, sai an fesa da yamma, sai an maimaita. Adalcinku ya fi ƙarfin aljihuna." Gaskiya ya faɗa, kuma ba a dora wa mutum abin da ba zai iya ba. Nan alhakin ya koma kan hukuma da 'yan kasuwa da malaman gona, su kawo shi kusa, su koyar da shi. Amma talauci bai hana mutum karanta takardar da ke jikin kwalba ba, bai hana shi barin feshi da hantsi sa'ad da zuma ke kan fure ba, bai kuma tilasta masa wanke famfo a gulbi ba.

Na uku ya ce, "Feshi na yarda, amma taɓa asalin iri ban yarda ba." Masana da yawa sun auna sun ce waken ba ya cutarwa, wasu mutane kuma hankalinsu bai kwanta ba. Abin da adalci ya wajabta shi ne a gaya wa manomi da mai saye gaskiyar abin da ke cikin buhu, a bar kowa ya zaɓa, kada kuma a yar da irin gargajiya da iyaye suka bar mana.

Saura abu guda, shi ne ya fi duka. Makami kome kyaunsa, in aka yawaita sara da shi ya dakushe. A wajen 1990 aka tarar wata tsutsar kabeji a tsibirin Hawai ta saba da feshin Bt, domin an yi ta fesa mata ba hutu. A 2010 aka bayyana cewa tsutsar auduga a Gujarat ta ƙasar Indiya ta daina jin audugar Bt ta farko. Dalili kuwa, in ka kashe dukan masu rauni, masu taurin rai kaɗai za su rage su hayayyafa. Don haka masana ke cewa a bar wa tsutsa wani ɗan yanki na shuka mara magani, ta rayu a can, jininta ya gauraya. Dubi abin mamaki: wanda ya nemi ya ƙare abokin gabansa ƙaƙaf, shi ke ƙarfafa shi, wanda ya bar masa ɗan rabo kuwa shi ke cin nasara.

To, jama'a, amsar tambayarmu ke nan. Manomi yana da ikon kashe abin da ke cin gonarsa, gwargwadon bukata, ba ya da ikon haɗawa da wanda bai ci ba in akwai hanyar kauce masa. Kai da ka koyi karatu, nauyinka ya fi na maƙwabcinka. Kafin ka buɗe kwalba, shiga gona ka duba fure ka ga ko ɓarawon yana nan. Karanta takarda, ka karanta wa wanda bai iya ba. Tambayi malamin gona ko akwai maganin da ya san mai laifi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu ɗaukar alhakin wanda ba ya da bakin kai ƙara.